Guntun Kwalta a Firigon Rabi

Daren Laraba, Maraɗi

Yau matata Rabi ta gano guntun kwaltar da na ɓoye a firigonta, ƙarƙashin zoɓon da take sayarwa.

Fasinjan da na kai Jiratawa a kabu-kabuna ran Asabar ne ya jawo. Muka faɗa rami, na tsine wa hanyar, sai ya ce a ƙasar sanyin da ya yi karatu ruwa ne ke fasa kwalta. Ya shiga tsaga ya daskare, ya kumbura ya buɗa ta, in ya narke ya ƙara nutsawa. Na ce, "Malam, ruwan da muke sha?" Dariya kawai ya yi.

Abin ya tsaya mini a rai. Na tsinto guntu mai 'yar tsaga, kullum in jiƙa in sa a firigo ya kwana ya yi ƙanƙara, da safe in shanya. Kwana huɗu ke nan.

Da yatsu biyu Rabi ta ɗago shi yau. "Baban Hadiza, in masu saye suka ji, ai cewa za su yi asiri nake sa musu." Gaskiyarta. Na ba ta haƙuri, na wanke firigon da kaina.

Amma tsagar da farce ba ya shiga, yanzu tsinken ashana na shiga. To tamu hanyar da ba ta san ƙanƙara ba, me ke cin ta? Damina ko manyan motoci?

Na nuna wa Rabi. Ta kalla, ta taɓe baki. "Kai a ganinka don me ba na cika gorunan zoɓo har wuya?"

Shekara tara muna gida ɗaya, ban taɓa tambayarta ba.