Sunan Sabi'u a Gefen Ƙonni

Illela, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yaya Ibrahim Khalil,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da Anti Jamilatu da yara, Allah Ya ƙara tsare ku. Mu nan kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida. Sai dai hankalinmu bai kwanta ba, shi ya sa na zauna rubuto maka.

Ka san an sa ranar addu'ar arba'in ta Kaka Zakari, kuma ni aka ba aikin katin gayyata tunda ni ke riƙe da shagonka. Ka kuma san Baffa Dabo na Ƙonni da Baffa Attahiru na nan ba sa ga maciji tun rikicin gonar Garu. Kowannensu ya aiko cewa sunansa za a fara sawa. Sai na tuna da samfurin nan da ka tsara ka bar mini a kwamfuta, mai raba shafi gida biyu gefe da gefe. Na sa gidan Illela a hagu, gidan Ƙonni a dama, baffannin biyu a kan layi ɗaya, ba wanda ya hau kan wani. Inna ta gani ta ce Allah Ya yi albarka.

Ina shirin turawa sai Baffa Attahiru ya kira ya ce a ƙara sunan surukinsa. Na ƙara, na tura wa Baffa Dabo ta waya. Ashe gefen hagu ya cika, sai sunan ƙarshe ya tsallaka ya hau saman gefen dama. Sunan kuwa na Sabi'u ne, autan Baffa Attahiru, ga shi zaune a kan sunan Baffa Dabo. Kafin la'asar saƙo ya iso cewa tunda an ɗora masa ɗan ɗan'uwansa a ka, shi da iyalinsa ba za su taka Illela ba, a Ƙonni zai yi wa mahaifinsa addu'a. Inna ta kasa cin abinci. Ta ce in aka raba addu'ar nan, zumuncin ya mutu ke nan.

Da safe na ɗauki kwamfutar na hau kabu-kabu na ƙetare iyaka zuwa Ƙonni. Baffa Dabo ya bar ni a zaure har ƙafata ta yi sanyi, da ya fito kuma da ƙyar ya amsa gaisuwata. Na roƙe shi ya duba da idonsa, gani ya kori ji. Na goge sunan surukin, Sabi'u ya koma gefensu. Na mayar, ya sake tsallakowa. Na ce masa rubutun kamar ruwa yake, in kwari ɗaya ya cika sai ya malala zuwa na kusa. A gabansa na sake tsarin, na zana tebur mai ɗaki biyu a shafin na ɓoye layukansa, yadda kowane gida zai tsaya a nasa wurin.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni don mi aka sa shi a dama alhali daga hagu ake fara karatu. Na ce masa mai karatun boko daga hagu yake farawa, mai karatun allo kuwa daga dama. Bai yi dariya ba, bai kuma ce zai zo ba. Abin da ya ce kawai shi ne sunan marigayin ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa girma ya ratsa saman gidajen biyu. Na yi hakan. Ina naɗe wayar caji ya ce in an buga a kawo masa nasa kason, shi zai raba wa mutanen Ƙonni da hannunsa.

Yaya, don Allah ka kira shi cikin makon nan, yana jin maganarka. Kada ka ambaci katin, ka gaishe shi kawai.

Ka gaida Anti Jamilatu da Shahida da Ummu. Inna da Altine suna gaishe ku. Ku sa mu a addu'a, Allah Ya sa a zauna a tabarma ɗaya ranar nan.

Ƙanwarka,
Na'ima.