Iyakar Gidan Barmo

Litinin, 4 Maris 1996, Paris
Shekara tara ke nan rabona da gida. Youssouf, abokin ɗakina a unguwar Goutte d'Or, ya samo mini aiki a Lyon: kula da wani tsohon Bature ɗan Ingila. Tura kekensa na marasa lafiya, dafa shayi, karanta masa takardu. Mutum mai brevet, takardar shaidar karatu, ga inda ya ƙare.

Alhamis, 21 Maris, Lyon
Mushe Hallett. Ina kiransa Mushe kamar yadda muke kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, bai san me kalmar ke nufi a Hausa ba. Idonsa ya kusa mutuwa, amma shekara talatin yana rubuta tarihin ƙauyensu a lardin Norfolk. Ƙauye ɗaya da cocinsa, wai paroisse. Kowace gona da sunanta, kowane kududdufi, har wanda ya gyara rufin coci tun kafin jihadi. Turawa sun zo ƙasarmu ba su tambayi sunan kowa ba. To, shi dai bai zo ba. Kuma yana biya a kan lokaci.

Lahadi, 14 Afrilu
Ya tambaye ni sunayen gonakin garinmu. Na ce Tudun Kiriya. Na tsaya, na kasa tuna wani. Ya yi ta jira. Da ya yi dariya ma da ya fi sauƙi.

Talata, 14 Mayu
Yau ya ba ni labarin wata al'adarsu ta wannan watan. Dattawa su ja yara su zagaye iyakar ƙauye, a kowane dutsen iyaka a ɗan tsula wa yaro sanda don kada ya manta wurin. Na ce mu gamba muke shukawa a iyaka, ba ma dukan kowa. Ya ce gamba tana tuna suna?
Na aika kaset wa Inna Fatsima, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Na roƙe ta ta faɗa mini sunan kowace gona ta garinmu Gidan Barmo da inda ta tsaya.

Asabar, 22 Yuni
Na kira Tasawa daga kabin, wayar kan titi. Yayana Ilya ya zo wayar, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Wai an saurari kaset ɗin a zaure, kowa ya gane. Wanda ke Faransa ba ya tambayar iyakar gona sai yana shirin raba gado.
“Shekara tara ba ka riƙe hauya ba, yanzu ka tuna da iyaka?”
Na ce Yaya, suna kawai nake so. Ya ce suna ake fara tambaya. Kati ya ƙare.
Ban ga laifinsa ba. Ni ma da haka zan ɗauka.

Juma'a, 19 Yuli
Shiru. Mushe yana asibiti. Yana ta tambayata ko amsa ta zo.

Alhamis, 1 Agusta
Inna ta rasu ranar Litinin. Allah ya jiƙanta. Youssouf ne ya faɗa mini, ba Ilya ba.

Lahadi, 8 Satumba
Wani ɗan Maraɗi ya kawo kaset. Muryar Ilya a farko, a daƙile: “Ga abin da ka nema. Ta ce in ɗauka.” Sai Inna, da ƙyar. Fadamar Maiƙaho. Gonar Makafi, wadda ta tsaya a bakin tsohuwar rijiya. Tana faɗa, tana hutawa. Wani wurin ta manta, sai in ji Ilya daga gefe yana tuna mata a hankali. Sannan tari, sannan aka kashe.
Na kunna wa Mushe a asibiti. Ba ya jin Hausa, amma ya ce in maimaita.
Na tambayi kuɗin jirgin Yamai. Tambaya kawai.
Inna ta ce gonakin ashirin da uku ne. Na samu goma sha ɗaya.