Kitsen Alade a Bindigata

Baba,

Na wuce garin Hita da karenmu Kuro wajen likitan dabbobi, ban tashe ka ba.

Jiya a gangaren dutse aladen daji ya fito mini, ga ni ga shi. Na ja kunamar bindiga, ko motsi ba ta yi ba. Kuro ne ya shiga tsakaninmu, aladen ya farke masa cinya.

Da na kwance bindigar, sai ga kitsen alade ya daskare a ciki, yana wari kamar mushe. Tir! Aikinka ne, na ga kwalbar kitsen a bayan tukunyar miso, daddawarmu ta waken soya. Wai bindiga sai ta ɗanɗani kitsen abin da ta kashe. To, ta ɗanɗana, ta ƙoshi, ta yi barci.

Man bindigar da ka raina mai ruwa-ruwa ne don kada sanyi ya daskarar da shi.

Makullin akwatin bindiga yana wuyana. Shinkafarka tana tukunya. Kwalbar nan kuma ka binne ta kafin in dawo, ko da Kuro na dawo ko ni kaɗai.

Chizuru