Ƙunshin da ke Ƙarƙashin Gadon Iya

Daga ƙauyenmu, kusa da Suki,
Ranar Talata.

Zuwa ga yayana Alhasan, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ramla da yara. Yaya aiki, yaya zafin garinku? Mu nan sai godiya. Dawa ta yi kyau a hawasha, gonarmu, kogi ya fara ja da baya. Kakarmu Iya tana gaishe ka, ƙafar nan dai ce ke taɓa ta.

Yaya, kada ka yi dariya, ƙaninka zai hau dutse. Samarin nadinmu, ƙungiyar nan tamu, sun shirya rihla, yawon buɗe ido, zuwa Jabal Moya, mu tashi Alhamis mu dawo Asabar. Lori zai sauke mu gaba da Sinnar, sauran kuwa a ƙafa, kowa da kayansa a baya. Saifuddeen ne shugaba, ya ɗauki abin kamar yaƙi za mu. Ya ɗora wa Maliki shayi da sukari, ni tukunya da albasa da busasshiyar kisra, siririyar wainar nan ta dawa, shi kuma rediyo, wai shi ma nauyi ne.

Na aro wata shanta, jakar goyawa a baya, wurin wani tsohon soja, na cusa bargo, riguna, tocila, gwangwanayen kifi, har da madubi. Iya tana zaune bisa angarebu, gadonta na saƙar igiya, tana kallona, ta tambaye ni wai ƙaura zan yi ko aure. Na ɗaga shantar ke nan don in gwada mata ƙarfi, madauri ya tsinke, albasa ta gangara har gindin randa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce kwana biyu tak amma na haɗa kayan da jaki zai ƙi. Yanzu ga ni ba madauri, ga ranar ta ƙarato.

Ta sake tambayar alkawarin da ka yi mata na zuwa Makka. Na ce kana ƙoƙari. Wallahi na gaji da faɗin wannan kalmar.

Ka gaida yara.

Ƙaninka,
Bilyamin.

Alhamis da hantsi.

Yaya Alhasan,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ban sami mai tafiya ba tukuna, sai ka karɓi takardun biyu tare. A tsaye nake rubuta wannan.

Yaya, Iya ta kwance ƙunshinta.

Ka tuna shi, wanda ke ƙarƙashin gadonta, wanda muka sha tsintsiya a kansa muna yara. Shi ne kayan da ta taso da su daga ƙasar Sakkwato tana 'yar ƙarama, cikin ayarin mahaifinta, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya tsintar auduga, Allah ya karɓi ran mahaifin nata a bakin kogin nan. Tun ranar ba a kwance ƙullin ba. Kullum cewa take wanda ya kwance kaya ya sauka, mu kuwa hutawa muke yi a hanya. Dalilin da ta ƙi ɗakin jan bulo da ka ce a gina mata ke nan.

Jiya bayan la'asar su Saifuddeen suka zo, muna ta fama da madaurin, mu ɗinka ya ɓalle. Sai ga Iya tana jan ƙunshin zuwa tsakar gida. Na miƙa mata wuƙa, ta harare ni. Ta jiƙa ƙullin da ruwa, ta dinga tsokanarsa da basilla har ya saki. Igiyar ta fata ce, saƙaƙƙiya, ashe duk shekara tana shafa mata man shanu. Ni da Maliki muka ja ta iya ƙarfinmu, ko gezau.

Da ta buɗe, wani ƙamshi ya taso, na hayaƙi da tsohuwar fata, ban taɓa jin irinsa ba. Ga butar tagulla, ga ƙyastu da dutsensa, ta ƙyasta sau ɗaya wuta ta yi tsalle. Sannan ga wasu 'yan takalman fata. Yaya, na ɗora ɗaya a tafin hannuna, bai cika shi ba, dunduniyar ta cinye har ta huje. Da su ta ratsa Barno da Wadai da Darfur. Ikon Allah! Saifuddeen da kansa ya kashe rediyo. Ni da nake ta cika baki kan tafiyar kwana biyu, na kasa haɗa ido da ita. Wannan tsohuwar da muke tsokana a kan goro!

Ita ta shirya mini kayan. Ta mayar da rabi ɗaki, har da madubin, ta sa mai nauyi ya jingina da bayana, ta ɗaure da igiyar mahaifinta, ta rataya butar a gefe. Tsoro ya kama ni, na tambaye ta ko ta sauka ke nan. Ta ce a'a. Kayan tafiya ne, ta zaunar da su har sun gaji, in ƙafarta ta ƙi, su dai su je su sha iskar hanya.

Abu ɗaya ne ba ta ba ni ba: wani farin ƙyalle da ke can ƙasa. Ta ce mahaifinta ya saya mata tun ba ta kai tsawon ƙyallen ba, ya ce ko ta tsaya da shi a Arfa, ko a naɗe ta a ciki, duk wanda ya riga. Ta ninke shi, amma ba ta mayar ƙarƙashin gado ba. A ƙarƙashin matashinta ta sa.

Maliki na ta ƙwala mini kira, lori ya iso. Yaya, don Allah kada ka sake aiko mini da "ina ƙoƙari". Ka aiko da rana. Ƙyallen nan ya fito, kuma ba zai koma ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Bilyamin.