Man Argan a Injin Baba

Sidi Ifni,
ranar Laraba.

Zuwa ga yayana, Dadda Mbarek,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zaina da ɗan ƙaramin Idder da har yau a hoto kawai na san shi. Allah ya sa zafin rumfunan tumatir na Almeriya, can ƙetaren teku, bai gasa ku ba. Mu nan lafiya lau. Gwaggo Rkia tana nan da faɗanta da fashin ƙwallon itacen argan ɗinta na man ci, akuyar nan mai kunne ɗaya ta haifi biyu.

Na rubuta lafiya lau don haka ake fara wasiƙa. Dadda, akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba ta faɗuwa a waya, tunda kullum Baba yana gefe yana saurare. Baba ba ya gani. Ba makanta ce gaba ɗaya ba, yana gane hasken ƙofa da inuwar mutum, amma noti da allura da rubutu sun tafi. Ni kaɗai na sani.

Ka san motar nan ta kwana a ciki da ya saya wajen wata tsohuwar Bajamushiya, mai gado da labulen furanni. Tun da ta daina hawa tudu take ajiye a tsakar gida, ni kuma na mai da ita ɗakin karatuna. Nan nake kwanciya da littattafan soyayyar da kake yi mini dariya a kansu, ina raya cewa wani ya riƙe sitiyari muna bin gaɓar teku, ban ma taɓa ƙirƙira masa fuska ba don kunya. Wata safiya ina kwance sai Baba ya buɗe murfin injin a baya, bai san ina ciki ba. Ya laluba inda ake jera jarkoki, ya ɗauko jarka, ya tuttula. Da ya tayar da motar sai gidan ya cika da ƙamshi. Ashe man argan ɗin Gwaggo ne, wanda ta kwashe kaka guda tana fasawa tana matsewa, ta zuba a jarka irin ta baƙin mai. Gwaggo ta fito tana tafa hannu, wai tunda amaryar ƙarfen ta fara shan argan sai a kawo mata gurasa da shayi ta karya sosai. Baba ya taya ta dariya, ya ce tsufa ne, ai ita ma ranar nan ta saka gishiri a shayin baƙi. Amma ni ta tsakanin labule na ga yadda ya kai jarkar har kan hancinsa yana neman rubutun, ya juya ta, ya sake juyawa. Da ya ji motsina sai ya zauna a bakin ƙofar motar, ya kira ni da sunan da Inna take kirana, ya ce in rufa masa asiri, kada Mbarek ya ji ya bar aikinsa.

Yanzu ga inda maganar take. Baba ya ƙudurta sai ya kai motar nan ƙauyen Inna a duwatsun Tafraut idan itatuwan almon sun yi fure, ya tsaya a kan kabarinta. Ya taɓa yi mata alkawarin zai kai ta a cikinta, ta rasu bai kai ta ba. Na ce ga motar haya, ya ce ba ita ya yi alkawari da ita ba. Bai faɗa ba, amma na gane yana so ya ga furen ne kafin sauran hasken ya ƙare. Injin kuwa hayaƙi yake, yana shan mai kamar rijiya. Kullum bayan la'asar sai su zauna da Si Bihi mai gareji suna ja. Si Bihi ya ce a lallaɓa shi kawai, a canza filogi da gasket, a daidaita bawul, a yi bismilla. Baba ya ce wannan kwalliyar gawa ce, a tudun farko zai buga. Dole a sauke shi a warware, a canza ringi da fistan. Si Bihi ya ce to ya kawo gareji. Baba ya ce shi da ya koya wa Bihi riƙe sifana lokacin majina na zuba masa, ba zai kai masa inji ba sai dai a kai gawarsa. Suna dariya, ni ina zuba shayi.

Gaba damisa, baya siyaki. In an lallaɓa, motar za ta mutu da mu a tsakiyar dutse. In ya warware, ka fi ni sanin yadda yake aiki: kowane noti da kofin shayinsa, kowane fistan da tirensa, sannan waɗannan ƙananan alamomin da yake bugawa don komai ya koma gurbinsa. Wa zai ga alamar? Ya ce ni zan zama idonsa. Jiya ya gwada ni, ya miƙo wani ƙarfe ya ce in karanta lambar. Na karanta, sai ya ce in duba ko akwai tsaga a jiki. Dadda, ni ban san bambancin tsaga da zane ba. Na ce babu, ya ce madalla, ni kuma na shiga mota na yi ta kuka. Ko da injin ya tashi ma, wa zai tuƙa a waɗancan kwane-kwanen hanyar dutse?

A littattafaina kullum wani yana isowa a shafin ƙarshe. Na daina karantawa, don na leƙa ƙofarmu na gaji. Na san zuwanka yana nufin ka rasa kakar aiki, wataƙila har gurbin. Ban ce ka zo ba, ban kuma san me nake cewa ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Ka gaida Zaina, ka sumbaci Idder a goshi, ka gaida Kawu Lhusain in kun haɗu a masallaci. Gwaggo Rkia tana gaishe ka, ta ce ka aiko mata da jarka mai wani launi.

Na yi niyyar yaga takardar nan, don in ta isa hannunka Baba zai san wa ya faɗa, kuma ba zai ƙara kirana da sunan nan ba. Amma ɗazu ya ce in wanke kofuna da tire duka, gobe zai sauke injin. Si Hmad maƙwabcinmu yana ɗaure kayansa, yau zai kama hanyar wajenku. Bari in saka mayafi in kai masa.

Ƙanwarka,
Tilila