Sunan da Na Jawo wa Habu

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya iyali, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Yasore sai godiya.

Na mai da ƙanenmu Habu asibiti a Katsina. Magani ya ƙi karɓarsa, muryoyin da yake ji suna nan. Likita ya ce a ƙasashen waje ana gwada sa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa, da ɗan batir a ƙirji. Ya nanata cewa gwaji ne, bai iso nan ba.

Yaya, murna ta ɗebe ni, na kai zancen majalisa kamar gobe za a yi. Yanzu har a kasuwar Batsari, "Mai Batir" ake kiransa. Ko gona ya daina zuwa.

Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, daga mu sai likita a ɗakin. Ko muryoyin ne suka gaya wa mutane?"

Na kasa ɗaga kai. Har yanzu ban gaya masa ni ne ba.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Hajara da yara.

Ƙanenka,
Isiya