Itatuwa Goma Sha Takwas

Lahadi, 3 ga Disamba
Matar fasto ta zo duba ni. Bayan doguwar gaisuwa ta fito da abin da ya kawo ta: bana ba ni zan tsara wa yaran makarantar Lahadi labarin Kirsimeti ba, wai in huta. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Na so in yi gardama, amma tun da ɓarin jikina ya shanye, harshen nan ya koma kamar tsumma a baki. Sai na gyaɗa kai kawai.

Laraba, 6 ga Disamba
Sun sayo littafi mai hotuna. Dabbobi biyar ne a ciki, yara kuwa ashirin da uku. Sauran goma sha takwas za su zama itatuwan daji. Itatuwa!

Ni ba haka nake yi ba. Yaran nake fara dubawa, kowa in ga abin da yake jin kunyarsa, in ba shi dabbar da wannan abin ne zai ceci dajin. Mai tsawo raƙumin dawa, shi ke hango gobara. Mai nawa kunkuru, shi ke tsinto wanda aka bari a baya. Ba yaron da ya taɓa sauka daga dandamalin wasan bai ce uffan ba.

Alhamis, 14 ga Disamba
Jikata tana cikin itatuwa. Saboda i'inarta ne, ko ba a faɗa ba.

Asabar, 16 ga Disamba
Na ce wa surukata ta je ta yi magana. Ta ce, "Mama, ki bar su, kar a yi wa yarinyar dariya." Na ƙi cin abincin rana don haushi, ba ma wanda ya lura. Wai ni ce mai koya wa yara cewa kowace halitta da amfaninta. Ga ni a kujera, sai an ɗaga ni an ajiye. Da ni ce a labarin, ban san dabbar da zan ba kaina ba.

Talata, 19 ga Disamba
Ba komai. Hannu ciwo.

Litinin, 25 ga Disamba
Ban je ba. Sun dawo suna ta yabo, wai zaki ya burge. Jikata ta shigo da ganyen kwali a maƙale a kafaɗa. Na tambaye ta yaya aka yi. Ta ce ta ɗaga hannu har aka gama, ba ta motsa ba, ba wanda ya kalle ta. "Kaka, ha-haka ya fi," in ji ta. Shekararta bakwai. Wannan magana ta fi ciwon yi mini zafi.

Alhamis, 28 ga Disamba
Likita ya ce in riƙa motsa hannu, shi ya sa kawai na ɗauki biro. Layi shida ne, ba labari ba ne. Tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace, da sauran ke yi wa ba'a wai ba ya iya faɗin abu sau ɗaya. Da ruwan ƙanƙara ya sauko, a ramukan da ya fasa kowa ya fake.

Na karanta wa jikata da wannan bakin nawa. Na daɗe ƙwarai, har miyau ya zuba a takardar. Ba ta ƙarasa mini kalma ko ɗaya ba, ta jira. Da na gama ta tambaya ko tsuntsun yana da magana a ciki. Na ce layi biyu. Ta ce in ƙara.

Gobe surukata za ta kawo mini sunayen sauran sha bakwai ɗin. Don hannun ne.